Ina ake samun taron masu daina giya, kuma me zan tarar idan na je?

Wani magidanci ne ya aiko da tambaya. Ya ce ya shekara da shekaru yana shan giya a ɓoye, ya sha rantsuwa cewa ya daina, amma ba ya wuce mako biyu sai ya koma ruwa. Ya ji labarin cewa waɗanda suka daina suna haɗuwa suna ƙarfafa wa juna gwiwa, shi ne yake son ya san inda ake samun irin wannan taro, abin da ake yi a ciki, ko za a tilasta masa ya yi magana, da kuma yadda zai yi idan ya yi kiciɓis da wanda ya san shi. A ƙarshen saƙon ya ce da safe hannunsa yakan yi ta karkarwa, ba ya lafawa sai ya ɗan kurɓa.

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Mutumin da ya zauna ya rubuta wannan tambaya da gaske yake, kuma zan amsa maka ita duka. Amma da maganar karkarwar nan zan fara, domin a aikinmu na kula da masu jarabar giya ita ce abin da ba ma wasa da shi.

Giya tana danne aikin ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya daɗe yana sha kullum, ƙwaƙwalwar takan ƙara wa kanta ƙaimi don ta iya aiki duk da dannewar. Ranar da aka janye giyar farat ɗaya, wannan ƙaimin yana nan, abin da ke danne shi kuwa babu. Daga nan ake samun karkarwa, zufa, tashin zuciya, bugun zuciya da rashin barci, yawanci tsakanin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe. A wasu mutane abin yakan kai ga jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko. Mafi haɗari shi ne ruɗewar da kan zo wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, mutum ya riƙa gane-gane da sambatu, jiki ya yi zafi, bai san inda yake ba. Wannan yana kisa idan ba a kai mutum asibiti ba. Karkarwar safe da ba ta lafawa sai an kurɓa alama ce cewa jikinka ya riga ya dogara da giya. Saboda haka kada ka yanke ta dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Ka je wurin likita, ka faɗa masa ainihin yawan abin da kake sha ba tare da ragewa ba, da lokacin da ka sha na ƙarshe, da ko ka taɓa yin jijjiga. Shi zai duba ko a gida za a kula da kai ko sai an kwantar da kai. Akan ba da magani irin su diazepam ko chlordiazepoxide na 'yan kwanaki ana ragewa sannu a hankali, tare da sinadarin thiamine, wato bitamin B1, don kare ƙwaƙwalwa. Kada ka sayo su da kanka, domin haɗa su da giya yana iya danne numfashi, kuma su ma ana kamuwa da jarabarsu.

Wannan ba yana nufin ka jira sai ka daina sannan ka je taro ba. Ka je tun yanzu. Ganin likita da zuwa taro tare suke tafiya, kowanne da aikinsa. Likita zai fitar da kai lafiya daga makon farko, taro kuma na watanni da shekarun da ke biye ne.

Mafi girma cikin ƙungiyoyin da ke shirya irin wannan taro ita ce Alcoholics Anonymous, wadda ake taƙaitawa da AA. Ta samo asali a 1935 a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, lokacin da wani dillalin hannun jari, Bill Wilson, ya haɗu da wani likitan fiɗa, Bob Smith, dukansu giya ta ɗaiɗaita su. Wilson ya lura cewa idan yana magana da wani mashayi ɗan'uwansa, shi kansa yana samun ƙarfin kamewa. A kan wannan aka gina komai. A 1939 suka buga littafin da ya ƙunshi matakai 12 da suke bi, yau kuma ana samun ƙungiyar a ƙasashe kusan 180. Ba a cike takarda, ba a biyan kuɗin shiga, babu rajistar sunaye. Sharaɗi ɗaya ne tak a ƙa'idarsu: mutum ya kasance yana son ya daina sha. Ba a ce sai wanda ya riga ya daina ba.

Neman taro ba shi da wuya kamar yadda mutane ke zato, sai dai yana son ɗan naci. Ka rubuta sunan ƙungiyar tare da sunan garinku ko ƙasarku a intanet. Babban shafinsu, aa.org, yana da wurin da ke nuna ofisoshin ƙasashe da yankuna, akwai kuma manhajar waya mai suna Meeting Guide da ke jera tarukan da ke kusa da mutum a wuraren da aka shigar da jerinsu. Idan ka ga lambar waya, ka kira. Wanda zai ɗauka yawanci mai murmurewa ne daga jarabar giya da ya ba da lokacinsa kyauta, ba ma'aikacin ofis ba, kuma ba sai ka faɗi cikakken sunanka ba. Ya isa ka ce masa kana shan giya, kana so ka daina, ina ne taro mafi kusa. Sau da yawa shi da kansa zai ce zai jira ka a bakin ƙofa ko ya haɗa ka da wanda zai jira ka, kuma ina ba ka shawara ka karɓi wannan tayin, domin shiga ɗaki tare da wani ya fi shiga kai kaɗai sauƙi nesa ba kusa ba. Ko da ka sami jadawali a rubuce, ka tabbatar ta waya kafin ka kama hanya. Masu sa kai ne ke tafiyar da tarukan, wuri da lokaci sukan sauya, jadawalin intanet kuma yakan tsufa. Na ga waɗanda suka tattara duk ƙarfin halinsu suka je, suka tarar da ƙofa a kulle, suka ɗauki abin a matsayin alamar cewa ba rabonsu ba ne, alhali taron ya koma wani gini ne kawai.

Hanya ta biyu, wadda a wurare da yawa ta fi intanet amfani, ita ce ka tambayi ma'aikatan lafiya. Sashen kula da masu shaye-shaye a asibitin ƙwaƙwalwa, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na babban asibiti, su suka fi kowa sanin wane taro ne ke raye a gari. Wasu asibitocin ma suna da nasu zaman na waɗanda aka sallama, mako-mako. Tunda dai za ka ga likita, ka haɗa da wannan tambayar a zama ɗaya. Idan babu AA a kusa da kai amma akwai Narcotics Anonymous, wadda aka kafa a 1953 don masu shan ƙwayoyi, ka je can. A wurinsu giya ma ƙwaya ce, ba za su kore ka ba.

Idan duk babu, akwai tarukan intanet. Sun daɗe, amma tun annobar korona a 2020 suka yawaita sosai, yawanci ta Zoom. Shafin Online Intergroup na AA yana jera su, kuma da yake ana yin su daga sassan duniya daban-daban, kusan kowace awa akwai wanda ke gudana, har da tsakar dare, lokacin da jarabar ta fi addabar mutane da yawa. Mafi yawansu da Turanci ake yi, akwai na Faransanci, Larabci da wasu harsuna. Ka lura da bambancin agogo kafin ka sa lokaci a ranka. A ganina taron ido da ido ya fi, saboda fita daga gida da zama kusa da mutane yana karya kaɗaicin da giya ke so. Amma taron waya da ka halarta ya fi taron gari da kake ta cewa gobe za ka je.

A jadawali za ka ga an rubuta wasu tarukan buɗaɗɗu, wasu rufaffu. Buɗaɗɗe kowa na iya zuwa, da iyali, da ɗalibi, da ma'aikacin lafiya. Rufaffe na masu matsalar giya ne kaɗai, kai kuma kana da damar shiga kowanne. Akwai wanda mutum ɗaya ke ba da tarihinsa sauran na saurare, akwai wanda ake ɗauko batu kowa ya tofa albarkacin bakinsa, akwai na karatun matakai, akwai na sababbin shiga, akwai na maza zalla da na mata zalla. Ga mai fargaba, na sababbin shiga ko wanda mutum ɗaya ke jawabi ya fi dacewa da farawa.

Bari in kai ka cikin ɗakin, don abin da ba a sani ba shi ya fi ba da tsoro. Ka isa da kamar minti goma sha biyar kafin lokaci. Za ka tarar da ɗaki ne kawai na haya ko na aro, kujeru a jere ko a zagaye, tebur da 'yan littattafai, wataƙila an manna takardun matakai a bango. Wani zai miƙo maka hannu ya faɗi sunansa na farko, ya tambaye ka ko yau ne zuwanka na farko. Ka ce e. Abin da ya fi ba sababbi mamaki shi ne dariya. Mutum ya shigo yana zaton zaman makoki zai tarar, sai ya ga mutane masu tsabta, masu aiki da iyali, suna hira cikin raha. Idan lokaci ya yi, mai jagorantar zaman, wanda shi ma mai murmurewa ne, zai karanta gajeren bayani kan ƙungiyar, ya tambaya ko akwai baƙo. In ka ga dama ka ɗaga hannu ka faɗi sunanka na farko, in ba ka so ka yi shiru. Sai a shiga magana ɗaya bayan ɗaya. Mutane kan fara da faɗin suna su ƙara da cewa su mashaya ne. Al'adar taron ce, ba doka ba, babu mai tilasta maka ka kira kanka da sunan da ba ka shirya ɗauka ba. Idan zagaye ya zo kanka kuma ba ka son magana, ka ce yau saurare ka zo yi, za a ce maka madalla a wuce gaba. Akwai ƙa'ida mai kyau da yawancin taruka ke bi: ba a katse mai magana, ba a mayar masa da martani, ba a yi masa wa'azi. Kowa labarin kansa yake bayarwa. Wajen ƙarshe za a zagaya da ɗan kwando ko jaka don kuɗin haya da littattafai, domin ƙungiyar ba ta karɓar tallafi daga waje. Wanda ba shi da shi ya miƙa gaba, sabon zuwa ma sau da yawa akan ce ya bari. Gaba ɗaya awa ɗaya ne ko da ɗan ɗori.

Idan an tashi, kada ka yi wuf ka fice. Minti goman da ke bayan taro suna da daraja kamar taron kansa. A nan ne wani zai matso ya ce maka shi ma da karkarwar safe ya zo, ya rubuta maka lambarsa a 'yar takarda ya ce ka kira kafin ka sha, ba bayan ka sha ba. Ka karɓa, kuma ka gwada kiran washegari ko da babu abin da ke damunka, gaisuwa kawai. Wanda bai saba kira a ranar lafiya ba, ba zai iya kira a ranar da jaraba ta taso ba.

Yayin saurare, ka nemi inda labarinsu ya yi kama da naka. Zuciya za ta yi ta kawo maka bambanci: ni ban taɓa kwana a kwata ba, ni ba a kore ni daga aiki ba, ni ban kai waɗannan ba. Wannan tunanin shi ke mayar da mutane gida. Ka saurari mai ba da labarin inda yake ɓoye kwalba, da yadda yake tauna abu don kashe wari kafin ya shiga gida, da alkawarin da yake yi wa kansa kowace asuba ya karya kafin magariba. A nan za ka ji kamar da kai ake.

Sai maganar haɗuwa da wanda ya san ka, wadda na san ita ta fi tsaya maka a rai. Tana iya faruwa. Amma ka tuna abin da ya kawo ka shi ya kawo shi, kuma sirrinsa yana hannunka kamar yadda naka ke hannunsa. Yawanci irin wannan haɗuwa da sauƙin zuciya take ƙarewa, wani lokaci ma shi ne zai zama na farkon da za ka riƙa kira. Ɓoye suna ginshiƙi ne a ƙungiyar, kuma a taruka da yawa akan tunatar cewa wanda aka gani da abin da aka ji a bar shi a ɗakin. Duk da haka ba zan ruɗe ka ba: wannan amana ce tsakanin mutane, ba irin sirrin da doka ta ɗora wa likita ko lauya ba, kuma mutane suna da baki. Don haka a gaban jama'a ka yi magana a dunƙule, abin da ya shafi shari'a ko sirrin aurenka ka ajiye wa likitanka ko mutum ɗaya da ka gwada ka yarda da shi. Idan fargabar ta yi yawa, ka fara da rufaffen taro, ko na wata unguwa mai nisa, ko na intanet. A na intanet kana iya sauya sunan da ke bayyana, ka kashe kyamara inda aka yarda da haka, ka sa abin sauraro a kunne don kada na kusa su ji muryoyin wasu.

Ba ka tambayi batun addini ba, amma kusan kowa yakan tambaya bayan zuwan farko. Matakan 12 suna ambaton Allah, gwargwadon yadda kowane mutum ya fahimce Shi, kuma ƙungiyar ta ce ita ba ta wani addini ko ɗariƙa ba ce. Gaskiya ne kuma cewa waɗanda suka kafa ta sun fito daga wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group, cewa taruka da yawa a ɗakunan coci ake yin su saboda arahar haya, kuma wasu sukan rufe da addu'ar Kirista. Babu wanda zai hana ka yin shiru ko yin taka addu'ar a zuci. Musulmi da yawa suna cikin AA ba tare da sun ga ta taɓa imaninsu ba. Wanda kuma ransa bai kwanta ba yana da zaɓi. Akwai Millati Islami, wadda aka kafa a Baltimore ta Amurka a 1989, ta sake tsara matakan bisa koyarwar Musulunci. Akwai SMART Recovery, tun 1994, wadda ba ta bin matakai 12; tana koyar da dabarun ilimin halayyar ɗan'adam ne, yadda za ka ƙarfafa niyya, ka jure wa jaraba har ta wuce, ka sarrafa tunani da motsin rai, ka daidaita rayuwa. A tarukanta akwai mai gudanarwa da aka horar, kuma ana tattaunawa kai tsaye, wani ya ba wani shawara. Akwai LifeRing ga masu son taron da babu batun addini, da Women for Sobriety ta mata, wadda Jean Kirkpatrick ta kafa a shekarun 1970. Waɗannan ba su kai AA yaɗuwa ba, saboda haka a wurare da yawa ta intanet za a same su. Ba laifi ba ne mutum ya haɗa biyu.

Shin abin yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitanci, ta fitar da nazarin da John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka ƙunshi mutum 10,565. Sun gano cewa shirye-shiryen asibiti da aka tsara musamman don shigar da mutum cikin AA sun kai kusan kashi 42 cikin 100 ga cika shekara ba tare da sun sha ba, yayin da sauran hanyoyin jinya da aka gwada su da su suka kai kusan kashi 35. Alƙaluman suna nuna cewa taron ba wasa ba ne. Suna kuma nuna cewa fiye da rabi ba su cika shekarar a kame ba, wato tuntuɓe abu ne da aka saba gani a wannan ciwo. Da masu bincike suka duba ta wace hanya taron ke taimakawa, abin da ya fi fitowa fili shi ne sauyin abokan zama: mutum yana rage hulɗa da abokan sha, yana ƙara hulɗa da masu kamewa, yana kuma samun yarda da kansa cewa zai iya ƙin sha a wurin da ake sha. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma haka abin yake ta kowane ɓangare. Ka yi rantsuwa sau da yawa kai kaɗai, kuma ban yi shakkar gaskiyar niyyarka ba. Abin da ya rage bai sauya ba shi ne mutanen da kake tare da su da yamma, da kuma cewa babu wanda ya san halin da kake ciki.

Saboda haka zuwa sau ɗaya ba ya wadatarwa, kuma kada ka yanke wa abin hukunci da taro ɗaya. Kowane taro da halinsa. Wani za ka tarar mutum ɗaya ya cika shi da surutu, wani duk dattawa ne, wani sanyi ƙalau babu mai kula baƙo. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a gwada kamar shida daban-daban kafin a ce ya dace ko bai dace ba. Za ka kuma ji ana cewa taro 90 cikin kwana 90. Ba doka ba ce, kuma mai aiki da iyali ba lallai ya iya ba, amma hikimar da ke ciki gaskiya ce: watannin farko su ne mafi haɗari, kuma lokacin da ka saba sha yana buƙatar abin da zai cike shi. Ka zaɓi taron da ya faɗo daidai lokacin da kake fita sha. Idan ka sami wanda ranka ya kwanta da shi, ka mayar da shi naka, ka riƙa zuwa kowane mako ko kana so ko ba ka so, ka karɓi ɗan aiki kamar jera kujeru ko buɗe ƙofa. Wanda aka ba makulli dole ya zo, kuma idan bai zo ba za a neme shi. Wannan neman shi ne abin da mai sha a ɓoye bai taɓa samu ba.

Bayan 'yan makonni za a ce ka nemi jagora, wato wanda ya riga ka kamewa, zai bi da kai matakan kuma za ka riƙa kiransa tsakanin taro da taro. Kada ka yi gaggawa, kada kuma ka zaɓi wanda ya fi kowa iya magana. Ka duba wanda ya shekara ɗaya ko fiye bai sha ba, mai zuwa a kai a kai, mai saurare, wanda rayuwarsa ta natsu. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Jagora ba likita ba ne, ba mai ba da bashi ba ne, ba kuma alƙalin aurenka ba ne. Idan tafiya ba ta yi daɗi ba, kana da damar sauyawa ba tare da rigima ba.

Da yake ƙofa a buɗe take ga kowa, ba kowa ne a ciki ya warke daga munanan halaye ba, kuma dole in gargaɗe ka. Duk wanda ya ce ka watsar da maganin da likita ya rubuta maka, na baƙin ciki ne ko na taɓin hankali ko na rage jarabar giya, kada ka saurare shi. Ita kanta AA ta rubuta cewa kada ɗan ƙungiya ya mayar da kansa likita. Akwai magunguna da aka tabbatar suna taimakawa, naltrexone da acamprosate, sai disulfiram ga wasu, kuma shan su ba ya rage darajar kamewar mutum. Ka yi nesa da mai neman rance ko mai kawo maka harkar kasuwanci, da mai neman soyayya da sabon zuwa, abin da ya fi shafar mata, da wanda ke so ya raba ka da iyalinka. Idan ka ga irin wannan ka gaya wa mai jagorantar zaman ko ka sauya taro. Wurin da ake sa farashi kafin a shiga, ko ake kulle mutum ko dukansa da sunan magani, wannan ba taron taimakon juna ba ne ko da wane suna ya laƙaba wa kansa. Idan kuma wata rana tunanin kashe kai ya zo maka, wannan na asibiti ne a take, ba abin jiran ranar taro ba.

In ka sake sha bayan ka fara zuwa, kunya za ta ce maka ka ɓace sai ka gyaru. Ka koma taro na gaba ka faɗa. Mafi yawan waɗanda ke zaune a wurin sun san wannan hanyar da ƙafarsu, kuma abin da za su tambaye ka shi ne me ya faru kafin kurɓin farko: yunwa ce, fushi ne, kaɗaici ne, gajiya ce, ko ka daina zuwa ne tun makonni kafin nan. Ko ranar da ka riga ka sha kana iya zuwa muddin ba za ka tayar da hankali ba, sai dai ka saurara kawai, kuma kada ka yi tuƙi. Idan shan ya ɗauki kwanaki a jere, ka sake komawa wurin likita kafin ka yanke, domin alamomin janye giya, irin su karkarwa da jijjiga, sukan ƙara tsanani a duk lokacin da aka maimaita.

Ka ce a ɓoye kake sha. A kwanakin da za ka daina, ko a gida likita ya ce za a kula da kai, dole a sami babban mutum ɗaya da ya san abin da ake ciki, wanda zai kwana kusa da kai ya garzaya da kai asibiti idan ya ga jijjiga ko ruɗewa. Maiɗakinka ce ko wani ɗan'uwa, kai ka san wanda zai iya riƙe maganar. Sau da yawa na gida sun riga sun sani, shiru kawai suka yi don ba su san ta inda za su fara ba. Su ma akwai nasu taron, Al-Anon, wanda Lois Wilson, matar Bill Wilson, tana cikin waɗanda suka kafa shi a 1951, da Alateen na matasan da shan wani ya shafa, tun 1957. Ana neman su ta hanyoyin da na faɗa maka, kuma suna iya zuwa ko kai ka fara naka ko ba ka fara ba.